Yadda Ake Yin Kejada, Gashin Cukun Garin Sintra na Ƙasar Fotugal

Wanda ya sauka daga jirgin ƙasa a tashar Sintra ya kama hanyar tsohon gari a ƙafa, kafin ya kai fadar sarakuna mai dogayen bututun hayaƙi biyu farare, zai wuce ta gaban wani ɗan shago a kan titin Volta do Duche. Sunan shagon Sapa, kuma tun shekarar 1756 abu guda aka san gidan da shi: kejada. Masu abin suna rubuta sunan queijada, daga kalmar queijo, wato cuku a harshensu. 'Yar ƙaramar aba ce, faɗinta bai wuce santimita 5 zuwa 6 ba. Ɓawonta siriri ne mai ƙaras-ƙaras, cikinta kuwa haɗin ɗanyen cuku ne da sukari da kwaiduwar ƙwai da kirfa. Shida-shida ake jera su, a naɗe a takarda kamar yadda ake naɗe sulalla, baƙo ya saya ya kai tsaraba gida.

Sintra tana yamma da birnin Lisbon, tafiyar kimanin minti 40 a jirgin da ke tashi daga tashar Rossio. Gari ne a jikin duwatsu, mai hazo da ni'ima, inda a da sarakunan Fotugal suke zuwa hutawa idan zafi ya tsananta a Lisbon. Ƙauyukan da ke kewaye da shi na manoma ne da makiyaya, madara ta wadata, ga shi ɗanyen cuku ba ya jure ajiya. Gasa shi da sukari dabara ce ta sa ya daɗe har ya yi tafiya. Masu bin tarihin garin suna cewa tun ƙarni na 13 ake ambaton kejada cikin abin da manoma ke biyan hayar gona da shi. Sukari da kirfa daga baya suka yawaita a hannun mutanen ƙasar: sukarin daga gonakin rake na tsibirin Madeira a ƙarni na 15, kirfar kuma bayan da jiragen Vasco da Gama suka isa Indiya a 1498.

Gidan Sapa ya samo sunansa daga wata mata, Maria Sapa, wadda ta fara sana'ar a ƙauyen Ranholas, a bakin hanyar da matafiya ke bi daga Lisbon. Da jirgin ƙasa ya iso Sintra a 1887, fasinjoji suka bar tsohuwar hanyar, sai sana'ar ta bi su cikin gari. A can ciki, a layin Rua das Padarias, wato layin masu burodi, akwai gidan Piriquita da aka buɗe a 1862, wanda bayan kejada ya yi suna da wani gashin mai suna travesseiro, ma'ana matashin kai. Akwai kuma gidan Gregório da Casa do Preto. Kowanne da hannunsa, kowanne da masu rantsuwa da nasa. Kada dai a haɗa kejada da pastel de nata na unguwar Belém ta Lisbon, wanda duniya ta fi sani. Wancan ɓawonsa mai maiƙo ne, falle-falle, cikinsa madara da ƙwai. Kejada ba ta da wannan maiƙon, kuma cuku ne ƙashin bayanta.

Uwargida, idan za ki riƙe abu ɗaya daga wannan bayanin, ki riƙe wannan: aikin kejada gaba ɗayansa aikin raba abu da ruwa ne. Cukun sai ya tsane, ɓawon sai ya bushe, sannan wuta mai ƙarfi ta ƙarasa sauran. Kayan haɗin kaɗan ne kuma babu mai wuyar samu. Abin da take nema a wurinki shi ne kwana ɗaya na jira. Yau ki yi cuku ki kwaɓa fulawa, gobe ki gasa.

Kayan da za ki tanada

Wannan awon zai ba ki kejada wajen 30.

Na ɓawo: fulawa giram 250, ruwa mai ɗan ɗumi mililita 120, bota cokalin cin abinci 1, gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka.

Na ciki: ɗanyen cuku marar gishiri giram 400, sukari giram 300, kwaiduwar ƙwai 4, fulawa giram 60, garin kirfa rabin ƙaramin cokali zuwa cokali ɗaya.

Na yin cukun: madarar shanu lita 3, ruwan lemon tsami cokalin cin abinci 7 zuwa 8.

Ki auna da sikeli idan kina da shi. A nan awon gwangwani da ido yana ba da matsala, domin bambancin giram 50 na cuku ko na sukari yana sauya yadda cikin zai kama.

Game da sukari, tsofaffin girke-girken Fotugal sukan kai shi giram 350 a kan wannan adadin cukun. Ni ina tsayawa a 300, kuma ba na ba da shawarar a sauka ƙasa da 280. Sukarin ba zaƙi kaɗai yake bayarwa ba. Shi ke riƙe danshin cikin, shi ke sa saman ya yi ja a wuta, shi ke sa ta kwana ba ta sauya ba.

Game da bota kuwa, wasu masu gashin Fotugal suna sa kitsen alade a irin wannan kwaɓin, suna kiransa banha. A gida bota ta wadatar, ko ɗanyen man shanu da bai fara tsami ba, kuma akwai masu kwaɓawa da ruwa da gishiri kawai. Amma wanda Allah ya kai shi ƙasar, ya riƙe wannan kalmar, ya tambaya kafin ya saya.

Kirfa iri biyu ce a kasuwa. Akwai ta ƙasar Siri Lanka, mai siraran ɓawo da suka naɗu cikin juna, mai sanyin ƙamshi. Akwai mai kauri da tauri, wadda aka fi samu a wurin masu kayan ƙamshi, mai ƙarfi da ɗan yaji. Idan mai kaurin ce a hannunki, rabin ƙaramin cokali ya isa. Ki daka ta ta yi laushi, ki tankaɗe da rariya mai ƙananan idanu.

Ranar farko: cukun

Cukun da ake nufi shi ne wanda suke kira queijo fresco, fari fat, mai taushi, wanda aka yi yau ko jiya. Ba busasshen cuku ba ne irin na Nijar, ba kuma awarar waken suya ba ce, ba mai ruwan ɗorawa da ake sayarwa a manyan kantuna ba. Tunda da wuya ki same shi a shirye, ki yi abinki, kuma duk wadda ta taɓa yin awara ta riga ta san rabin aikin.

Ki zuba madara lita 3 a tukunya mai kaurin gindi, ki ɗora a matsakaiciyar wuta. Ki riƙa juyawa kina kai muciya har ƙasa, domin madarar da ta kama gindin tukunya ƙaurinta ba ya fita daga cuku. Idan ta fara tururi sosai, ƙananan kumfa suka zagaye gefen tukunyar, ta kai wajen digiri 85 zuwa 90. Idan ɗanyar madara ce daga ruga, ki bar ta ta tafasa sau ɗaya tukuna saboda lafiya, sannan ki sauke ki ba ta minti 2.

A kashe wuta. Ki zuba ruwan lemon tsami da kika tace, cokali-cokali, kina juyawa a hankali sau ɗaya ko biyu bayan kowane zubi. Za ki ga madarar ta fara dunƙulewa, fararen gudaji suna tasowa, ruwan yana rabuwa. Alamar da za ki tsaya ita ce ruwan ya daina fari, ya koma garai-garai mai ɗan ruwan ɗorawa. Da ya kai haka kada ki ƙara ko ɗigo. Tsamin da ya wuce kima yana sa cukun ya yi tauri ya yi tsaki-tsaki, kuma zai fito a ɗanɗano. Ki rufe tukunyar ki bar ta minti 15 ba taɓawa.

Ki shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta a cikin matsami ko kwando, ki ɗora a kan roba, ki kwashe gudajin da ludayi a hankali ki zuba. Ki ɗan watsa masa ruwan sanyi kofi ɗaya don ya wanke ragowar tsamin. Daga nan ki bar shi ya tsane da kansa na awa ɗaya, sannan ki tattara bakin ƙyallen ki ɗaure, ki sa shi da matsamin da robar a firji ya kwana.

A nan hanyarmu ta rabu da ta awara. Ita awara dutse ake ɗora mata don ta matsu ta yanku. Wannan kada ki danne shi. Ana so ruwan da ke yawo ya fita, amma danshin jikinsa ya zauna. Da safe ki ɗebi kaɗan ki matsa tsakanin yatsu: idan ya shafu kamar man shanu mai sanyi, ruwa bai ɗiga ba, ya yi daidai. Idan ruwa ya fito, ki ƙara masa awa biyu. Idan ya marmashe kamar dambu, ya bushe da yawa, sai ki mayar masa da madara cokali 2 ko 3 lokacin haɗawa. Lita 3 ta madara mai kyau takan ba da giram 450 zuwa 500, ki auni 400 daga ciki.

Masu yin cuku a Fotugal ba da lemon tsami suke daskarar da madara ba. Suna amfani da sinadarin daskarar da madara da ake sayarwa, wasu manyan cukwansu kuma, irin na Serra da Estrela da na Azeitão, da furen wata ƙaya ake yin su mai suna cardo, kamar dai yadda matan Fulani ke yin wara da tumfafiya. Cukun da aka yi ta wannan hanya ya fi santsi kuma babu tsami a cikinsa. Don haka idan kina samun sabuwar warar madarar shanu, wadda ba a soya ba, ba a sa mata gishiri ba, za ta yi aikin. Sai dai tana da ɗan danƙo, sai kin markaɗa ta da madara cokali 3 zuwa 4 kafin ta saki. Ita tumfafiya a bar wa waɗanda suka iya awonta, domin ƙaronta yana da illa.

Wadda ba ta samu sabuwar madara ba, madarar gari mai cikakken maiƙo ta yi. Ki dama giram 130 a kowace lita ɗaya ta ruwa, ki bi matakan nan yadda suke. Ki duba jikin gwangwanin ko ledar, domin wadda aka cire mata mai aka maye da man itatuwa cukunta ba ya daɗi.

Ranar farko har wa yau: kwaɓin ɓawo

Ki tankaɗe fulawa giram 250 a roba, ki sa gishiri, ki narkar da botar ki zuba, ki murje da yatsu har ta ɓace a cikin garin. Ki riƙa zuba ruwan ɗumin kaɗan-kaɗan kina haɗawa. Kwaɓin nan mai tauri ake so, ya fi na cincin tauri. Da farko zai yi kamar ba zai haɗu ba, kuma a nan ne hannu ke son ƙara ruwa. Ki daure. Ki juye shi a kan tebur ki cuɗa da gindin tafin hannu minti 10, zai haɗe ya yi sumul. Idan da gaske ya ƙi, ki jiƙa hannunki kawai ki ci gaba, kada ki tsiyaya ruwa a kai.

Ki dunƙule shi, ki naɗe a leda, ki sa a firji ya kwana. Tsohuwar hanyar Fotugal ita ce a rufe shi da busasshen ƙyalle, a ɗora jiƙaƙƙe a sama, a bar shi zuwa gobe. Amfanin kwanan shi ne, fulawar da aka gama cuɗawa tana da jijiya, kina murzawa tana komawa baya kamar roba. Idan ta huta sai ta saki jiki, ta yarda a murza ta ta yi siriri ba tare da ta tsuke ba. Ba a sa yis, ba a sa bakin hoda, ba a sa sukari. Ɓawon ɗan akushi ne kawai na riƙe cikin, kuma rashin zaƙinsa ne ke daidaita zaƙin abin da ya ɗauka.

Rana ta biyu: ƙera ɓawon

Wannan shi ne wurin da ya fi cin lokaci, kuma nan ake gane hannun mai yi. Ki fito da kwaɓin minti 30 kafin ki fara, ya bar sanyi. Ki raba shi huɗu, ki ɗauki kashi ɗaya, sauran su zauna a rufe.

Ki barbaɗa fulawa 'yar kaɗan a tebur, ki murza daga tsakiya zuwa gefe, kina juya shi bayan kowane murji. Inda za ki tsaya shi ne kaurin milimita 1. Idan kika ɗaga shi kika sa hannu a ƙasa, ki ga inuwar yatsunki ta cikinsa. Wadda take da injin murza taliya ta huta, sai ta bi da shi daga lamba mai faɗi zuwa ta kusa da ƙarshe. Karon farko da na yi kejada na bar ɓawon da kaurin na fanke soyayye, ina tsoron kada ya yage. Cikin ya gasu lafiya, amma ɓawon ya fito da tauri, gindinsa kuma bai nuna ba. Tun daga ranar na gane cewa yagewa tana da magani, a manne da jiƙaƙƙen yatsa, kauri kuwa ba shi da shi.

Ki sami kofi mai faɗin baki santimita 7 zuwa 8, ki yanka da'ira-da'ira. Ragowar gefen ki tattara ki rufe, ki bar shi ya huta minti 15 kafin ki sake murzawa.

Yanzu ga yadda ake tayar da shi ya zama ɗan akushi, abin da masu sana'ar ke kira casca, wato ɓawo. Ki ɗauki da'ira ɗaya, ki yi mata tsaga huɗu a gefe da wuƙa ko almakashi, gabas da yamma, kudu da arewa, kowace tsaga tsawon santimita ɗaya da rabi. Ki kifa ƙaramin kofi ko murfin kwalba mai faɗin santimita 5, ki ɗora da'irar a kan gindinsa, ki lanƙwaso gefen ƙasa. A wurin kowace tsaga, leɓe ɗaya zai hau kan ɗaya. Ki taɓa ruwa da yatsa ki shafa tsakaninsu, ki matse sosai, musamman can ƙasan tsagar inda ta haɗu da gindi, domin ta nan ciki ke zuba. Ki zare shi a hankali, ki ajiye a tire da aka barbaɗa wa fulawa, bakinsa yana kallon sama.

Idan wannan ya yi miki wuya a karon farko, ki yi amfani da ƙananan gwangwanayen kek. Ki shafa musu mai kaɗan, ki zaunar da da'irar mai tsaga a ciki, ki manne leɓunan. Tsayin gefen kada ya wuce santimita ɗaya da rabi ko da gwangwanin mai zurfi ne. Kejada ba ta da zurfi, kuma idan aka zurfafa ta, kafin tsakiya ta nuna gefe ya ƙone.

Sai shanya. Ki bar ɓawon a buɗe, a inuwa, inda iska ke ratsawa, ki yafa masa siririn ƙyalle saboda ƙura da ƙuda. Ana so ya bushe har ya tsaya da ƙafarsa, idan kika ƙwanƙwasa da farce ki ji ya yi ƙara. Busasshen ɓawo ba ya shan ruwan cikin, kuma ba ya kwantawa idan zafi ya taɓa shi. Da hunturu awa ɗaya zuwa biyu ya isa, har ma sai kin sa ido kada ya tsage. Da damina yakan ɗauki awa huɗu ko fiye, sai ki kunna masa fanka. Wadda take da hali ta ƙera ɓawon da daddare ta bar shi ya kwana yana bushewa, wannan ya fi.

Haɗin ciki

Kada ki haɗa shi sai ɓawon ya bushe, oben kuma yana kan zafi. Sukari yana jawo ruwa daga jikin cuku, idan haɗin ya daɗe a ajiye sai ya tsinke.

Ki ɗora rariyar ƙarfe a kan roba, ki zuba cukun, ki riƙa dannawa da bayan cokali yana fita ta ƙasa. Idan kin gama ki sake bi da shi karo na biyu. Aiki ne mai gajiyar da hannu, amma shi ne bambancin kejada mai santsi a harshe da mai tsaki-tsaki, balle cukun da aka yi da lemon tsami. Injin markaɗe yana yi, sai dai ki kunna shi a taƙaice, ki kashe, ki sake, domin idan ya daɗe yana juyawa cukun yakan koma ruwa.

Ki zuba sukari a kan cukun, ki juya da muciya har ki ji ya daina ƙaras-ƙaras a ƙasan roba. Za ki ga haɗin ya saki ya yi sheƙi. Ki sa kwaiduwa ɗaya bayan ɗaya, kina juyawa. Ki haɗa fulawa giram 60 da kirfa, ki tankaɗa a kai, ki juya har garin ya ɓace, ki tsaya. Ba bugu ake yi ba irin na kek. Iskar da bugu ke shigarwa tana sa cikin ya kumbura ya yi ambaliya a wuta, sannan ya faɗa ya bar rami.

Kaurin da ake nema ya ɗan fi na ƙullin waina. Idan kika ɗaga cokali, ya sauko a hankali, ya ɗan tsaya a sama kafin ya baje. Idan ya yi ruwa, ƙarin fulawa cokali ɗaya ya halatta, amma kada ya wuce haka, in ba haka ba za ki fito da kek mai ɗanɗanon cuku. Ina kuma roƙonki, a karon farko kada ki sa filebo ko gyaɗar ƙamshi. Ki bari ki ji yadda madara da kirfa suke su biyu, daga baya ki yi yadda ranki ya so.

Gashi

Ki kunna oben a digiri 220 tun minti 20 kafin ki sa komai. Kejada wuta mai ƙarfi take so na ɗan lokaci. A sanyin wuta, cikin yana zama yana jiƙa ɓawon kafin ɗayansu ya nuna.

Ki jera ɓawon a tiren gashi, kusa da juna amma ba a manne ba. Ki zuba haɗin da cokali, ki bar kamar milimita 2 zuwa 3 kafin baki. Idan wani ya ɗiga a gefe ki goge, domin sukari ne, zai ƙone ya manne da tire. Kina gama cikawa ki sa a wuta, kada su zauna jira.

Minti 15 zuwa 20 suke ɗauka. Wajen minti 10 cikin zai taso ya yi tozo, kada ki buɗe ƙofa kafin nan. Bayan minti 12 ki juya tiren, na baya ya dawo gaba. Sun nuna idan saman ya yi ja mai duhu irin na ƙosai da ya soyu, da ɗan ɗigo-ɗigon da ya fi duhu nan da can, gefen ɓawon kuma ya yi ruwan zuma. Ki girgiza tiren kaɗan: tsakiyar ta motsa a dunƙule, ba kamar ruwa ba. Gwajin tsinke ba ya aiki a nan, domin ko ta nuna tsinken zai fito da danshi.

Oben ɗin gas mai wuta a ƙasa kaɗai yakan ƙona gindi saman yana fari. Ki sa tiren a hawa na sama, ki ajiye wani tiren da babu komai a hawan ƙasa ya tare zafin. Idan akwai wutar sama, ki kunna ta a minti 2 na ƙarshe, kina tsaye a wurin. Mai gashi da gawayi kuma, ta zuba yashi a babbar tukunya ta bar shi ya yi zafi sosai, ta ɗora gwangwanayen a kan waya ko ƙananan duwatsu don kada su taɓa yashin, ta rufe da faffaɗan murfi ta zuba garwashi a kai. Garwashin sama ya fi na ƙasa yawa. A wannan hanyar gwangwani ya fi ɓawon tsaye aminci, kuma ki fara gwadawa da guda uku kafin ki sa sauran.

Idan kin fito da su, ki ba su minti 5 a tire, sannan ki kwashe ki ɗora a kan waya, iska ta shiga ta ƙasa. Tozon zai sauka ya daidaita, haka ake so. Barin su su huce a cikin gwangwani yana tara gumi a gindi, ya ɓata duk wahalar shanyar da kika yi. Ki jira aƙalla awa ɗaya kafin a ci. Da zafi cikin bai gama kamawa ba, kuma zaƙin ne kawai ke fitowa, ɗanɗanon cukun sai ta huce.

Idan ba ta fito yadda ake so ba

Gindi ya yi laushi: ko cukun bai tsane ba, ko ɓawon bai bushe ba, ko wutar ta yi sanyi. Ki fara zargin cukun, shi ne ya fi yawan jawo haka. Ciki ya zube a tire: ƙasan tsagar bai mannu ba, ko an cika ta har baki. Ciki ya yi danƙo: fulawa ta yi yawa ko ta wuce lokaci a wuta. Saman ya tsattsage ya bushe: cukun ya matsu fiye da kima, gaba ki ƙara masa madara. Kowane karo abu ɗaya za ki sauya, ki rubuta abin da kika yi, domin madarar wannan makon ba lallai ta zama irin ta makon jiya ba.

Ajiya

Idan sun huce sarai, ki haɗa su bibbiyu fuska da fuska, ki jera shida, ki naɗe a farar takardar gashi, ki murɗe bakin nan da can. Takarda tana barin su su yi numfashi, leda kuwa tana tara musu gumi ɓawon ya saki. A sanyin Sintra sukan yi kwanaki a haka. A wurinmu, da hunturu za su yi kwana biyu a waje, amma da zafi ko damina ki sa su a firji tun daren farko, ki cinye cikin kwana biyar. Duk wadda ta fito daga firji ki mayar da ita oben minti 5 a digiri 180, ɓawon zai dawo da ƙaras ɗinsa. A Fotugal da ɗan ƙaramin kofin gahawa mai ɗaci ake cin ta, kuma baƙin shayi marar sukari ma yana tafiya da ita.

Ruwan da ya tsane daga cukun kada ki zubar. Ki sa shi a firji, gobe ki kwaɓa burodi ko fanke da shi a madadin ruwa. Farin ƙwai huɗun da suka rage kuma ki ƙara musu ƙwai biyu da albasa da attaruhu, ki soya wa yara da safe.